Haddar kalmomin Turanci ba ma'ana a wasan Scrabble: in bar yaron ko in tsawata?

Mahaifin ɗalibi, Gwammaja

Assalamu alaikum. Ɗana yana aji biyar a sakandare, kuma tun da aka kafa ƙungiyar Scrabble (wasan haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa a kan allo) a makarantarsu ya duƙufa a kan haddar kalmomi masu haruffa biyu da uku, har ya kusa cika littafin rubutu guda. Jiya bayan sallar isha'i na karɓi littafin na tambaye shi ma'anar ZA da XU da JO, sai ya ce shi dai ya san ƙamus ya amince da su, kuma malaminsu ya faɗa musu ma'ana ba ta ba da maki. Maganar ta tsaya mini a rai, domin abin da ya sa na je Sabon Gari na saya masa allon shi ne Turancinsa ya ƙaru kafin jarrabawar WAEC. Ina roƙon masana su ba ni shawara.

Tsohon ɗan wasa, Fagge

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ta fuskar wasa malamin bai yi kuskure ba, domin idan abokin karawa ya ƙalubalanci kalma, ƙamusun Collins ake dubawa, wanda shi ake amfani da shi a gasannin Najeriya, kuma ba a tambayar kowa fassara. A 2015 Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Scrabble ta Faransanci alhali ba ya jin yaren, haddar ƙamus kawai ya yi. A wannan shekarar ce kuma Wellington Jighere na Najeriya ya ci ta Turanci a birnin Perth na Ostareliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi hakan, kuma an san 'yan wasanmu da iya sarrafa gajerun kalmomi.

Dalilin haddar shi ne Q da Z kowanne maki 10 ne, J da X kuma maki 8, saboda haka kalma mai haruffa biyu da aka ɗora a gurbin da ke ninka maki tana iya fin doguwa riba. Ga ma'anonin da kuka tambaya: ZA taƙaitaccen sunan abincin nan ne pizza, XU ƙaramin kuɗi ne na ƙasar Biyetnam, JO kuwa masoyi ne a bakin mutanen Scotland.

Malamar Turanci, Tarauni

Alhaji, damuwarku tana kan hanya, kuma ina jin ta a jikina domin kullum ina gyara insha'in yara. ZA da XU ba za su taimake shi a WAEC ba, kuma ku gargaɗe shi kada ya kuskura ya saka su a rubutun jarrabawa. Sai dai ban yarda a raba shi da littafin ba, a ƙara masa layi ɗaya ne na ma'ana a gefen kowace kalma, domin kalmar da aka san abin da take nufi ta fi daɗewa a ka.

Akwai wata dama da yaran Kano suke da ita ba su lura ba. A cikin ƙwayoyin haruffa 100 na wasan, Q guda ɗaya ce, U kuma huɗu, don haka kowane ɗan wasa yana farautar kalmomin da Q take zuwa ba U a bayanta. Da yawansu daga Larabci Turanci ya aro su, kuma mu ma daga can muka aro. QADI shi ne alƙali, QIBLA ita ce alƙibla, WAQF waƙafi ne, NIQAB niƙabi, FAQIR faƙiri, TALAQ kuma saki ne kamar yadda yake a littattafan fiƙihu. Na taɓa rubuta waɗannan shida a allo ba tare da na ce komai ba, sai wata yarinya a kujerar baya ta karanta QIBLA a hankali sau biyu, ta ɗaga kai ta ce, "Malama, ai alƙibla ce!" Abin da Bature yake haddacewa da ƙyar, ita tun a Islamiyya ta san shi. Haka ZAKAT da HAJJ, har NAIRA da KOBO, duk ƙamusun ya karɓe su.

Abin da zai haɗa masa wasan da jarrabawa shi ne ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, irin su UN da RE a farkon kalma, da ING da NESS a ƙarshenta. Da su ake gina kalmar da ke cinye duka ƙwayoyi bakwai da ke hannun ɗan wasa a tashi ɗaya a sami ƙarin maki 50, kuma su ne suke taimaka wa ɗalibi ya gane baƙuwar kalma a takardar fahimta.

Mahaifin ɗalibi, Gwammaja

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Malama. Yau da safe na nuna masa WAQF, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko shi ne waƙafin da liman yake yawan ambato a huɗuba. Mun ja layi a kowane shafi, kuma mun yi alkawarin kalma biyar da ma'anarsu kowane dare.