Wai mu muka 'yanta Afirka ta Kudu?

Baban Ummi: Jama'a, butulci ya yi yawa. Mu muka 'yanta Afirka ta Kudu daga mulkin wariyar launin fata, amma a 2019 aka farfasa shagunan 'yan Najeriya a Johannesburg, har sai da jirgi ya je ya kwaso mutanenmu. Abin na ci min tuwo a ƙwarya.

Bazazzagi: 'Yantawa fa ka ce, Alhaji? Mutum 69 'yan sanda suka harbe a Sharpeville a 1960, yaran makaranta suka mutu a Soweto a 1976, Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku. Jininsu ne ya zuba. Mu taimako muka yi.

Baban Ummi: Taimako? Har albashin ma'aikata aka yanka don su! A 1979 gwamnati ta ƙwace kadarorin kamfanin man Birtaniya, BP, muka ƙi zuwa wasannin Kwamanwel na 1978.

Maman Hanif: In ƙin zuwa wasa 'yantawa ne, me za a ce da Kyuba da ta kai sojoji Angola suka gwabza da sojan Turawan Afirka ta Kudu?

Ɗan Fagge: Hajiya, wa ya tsaya wa Angola? Murtala ne, a taron shugabannin Afirka na Addis Ababa, Janairun 1976. Kuma Ɗanmasanin Kano Maitama Sule ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariya na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Bazazzagi: To, an fara. Komai Kano. Joseph Garba ma ya riƙe kwamitin, ɗan Filato ne. BP kuwa Obasanjo ne.

Ɗan Fagge: Obasanjo a inuwar wa ya sha iska? Hassada ce kawai, Malam.

Maman Hanif: Abacha ma ai naku ne. Shi ya rataye ɗan fafutukar Ogoni, Ken Saro-Wiwa, a 1995, Mandela da kansa ya nemi a hukunta mu.

Ɗan Fagge: Kar ki taɓa marigayi. Nawa ne litar mai a lokacinsa?

Baban Ummi: Ni fa maganar shaguna na kawo.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Na karanta duka, kuma an tabbatar ba don Murtala da Ɗanmasani ba da abin ya daɗe bai ƙare ba. Masu kawo Kyuba da Obasanjo ba su zo da hujja ba. Malam Bazazzagi, ka goge kalmar "komai Kano" kafin la'asar, in ba haka ba a cire ka. An rufe.