Mu shiga shirin Bankin Duniya ko mu haƙura?

Abu Kachia: Salamu alaikum. Mu 25 ne a ƙungiyarmu ta manoman citta. An ce mu shiga wani shiri na kuɗin Bankin Duniya, za a ba mu injin yanka citta, amma sai mun fara zuba kasonmu a asusu. Bashi ne da za a bi mu daga baya, ko tallafi?

Baba Kakuri: Ɗana, ku yi nesa da su. Su da Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) ne suka tsaya bayan SAP, shirin gyaran tattalin arziki, a 1986. Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka gagari saye, masaƙun Kakuri a Kaduna suka riƙa durƙushewa. Akwai ma'aikatan da suka rasu suna jiran haƙƙin sallama.

Malam Sani: Baba, Allah ya ƙara girma, amma salonsu ya sauya. A 1975 manyan ayyukan gona suka yi, irin na Funtua da Gusau da Gombe. Zamanin SAP sharaɗi suka ɗora wa gwamnati: a karya naira, a sayar da kamfanoni. Daga shirin noma na Fadama II kuɗi ya fara sauka hannun ƙungiyoyi. Gwamnati ce ke cin bashin, ku tallafi kuke karɓa. Abin da ke kayar da ƙungiya shi ne rajista ba ta kammala ba, ko mutum ɗaya ke sa hannu a asusu, ko a sayi kaya babu rasit. Masu bincike na ganin haka, zubi na biyu na kuɗin ya tsaya.

Hajiya Rabi: Kason ƙungiya kashi 30 ne, injin kuma ya haura miliyan ɗaya.

Ɗan Panteka: Kashi 10 ne, Hajiya. Injin kuwa a nan ake ƙera shi dubu 600.

Malam Sani: A Fadama III 30 na kayan aiki ne, 10 na hanya da rijiya. Abu, ku nemi takardar shirinku ku karanta.

Baba Kakuri: Malam Sani mai cin albashi a irin shirin nan ne zai ba da shawara? Bashin dala miliyan 350 da jihar Kaduna ta ciyo daga Bankin Duniya, da harajin wa ake biya?

Ɗan Panteka: Ku sa ni ma'aji kawai, rigima ta ƙare 😂

Hajiya Rabi: Wai ma wace cittar za a yanka? Tun cutar da ta kama citta a 2023 iri mai kyau ya yi wuya. Wa ya san inda ake samun wanda bai kamu ba?