Moulinex ko Silver Crest: gardamar da ta tashi tsakanin ƴan Adar mazauna Yamai

Maman Nafissa: Salamu alaikum ƴan uwa, ku yi haƙuri zan yi magana don abin ya tsaya mini a rai tun jiya. Kayan ɗakin ƙanwata muke haɗawa, biki bayan salla, ni aka ɗora wa kayan girki. Na tahi Babbar Kasuwa na sayo mata mikser Moulinex jikka 34 da kuɗɗin adashena, da aka baje kaya tsakar gida sai wata goggonmu ta ɗaga ta sama gaban mutane wai wagga ƴar mitsitsiya za a kai gidan miji, ɗiyar maƙwabta an kai mata Silver Crest babba mai kofi biyu mai watt 4500 kuma ba ta kai wanga kuɗɗi ba, aka yi ta dariya ni ko ruwa ban iya sha ba. Ina nan kan bakana, Moulinex ta hi Silver Crest nesa ba kusa ba, kayan Faransa ne, tun iyayenmu ake aiki da ita. Ku gaya mini gaskiya don Allah.

Zeinabou: Allah ya sanya alheri Yaya. Amma kayan Faransa kika ce? Har yanzu akwai mai alfahari da wannan sunan a Yamai?

Abdoul Tchanga: Ita ce tambayar da zan yi Zeinabou ta riga ni. Sojojinsu sun tattara sun bar ƙasar nan tun Disamba 2023, mu kuma muna nan muna kai musu jikka 34 da hannunmu muna cewa nesa ba kusa ba. Wannan tunanin ne ya hana mu ci gaba, komi in ba nasu ba ne sai a raina shi.

Maman Nafissa: Abdoul ni maganar niƙan tattasai nake, mi ya kawo soja a ciki

Abdoul Tchanga: Ke kika ambaci ƙasar Yaya ba ni ba.

Tanti Rabi: To ɗana ita Silver Crest ɗin a Tawa ake ƙera ta ko a Galmi? Duk baƙi ne. Kuma ku bar cika baki, ko ita in za ku aiki yaro ya ɗauko cewa kuke ɗauko mini mulines, har mai shago haka yake kiranta.

Zeinabou: Ta Jamus ce Tanti, a kwalin ma an rubuta. Jamus ba su taɓa mulkarmu ba.

Hamissou: Sunan SilverCrest na wani babban kanti ne na Jamus da ake ce wa Lidl, wannan gaskiya ne. Amma waɗanda ke jibge a Wadata da Babbar Kasuwa ku juya gindinsu ku karanta inda aka yi su kafin ku ce Jamus. Haka ita ma Moulinex, kamfanin ya karye tun 2001, kamfanin SEB masu tukwanen Tefal suka saye shi, kuma da yawa daga cikin ƙananan kayansu a Sin ake yi. Yaya ki duba ƙasan taki ki gaya muna.

Maman Nafissa: Tana gidan Inna cikin kaya an ɗaure, ba zan kwance kayan amarya don gardama ba. Mai shagon ya rantse mini ta Faransa ce.

Abdoul Tchanga: Kun ji ko, ta sake faɗa.

Hadjia Balki: Mai shago ai ko turmi ka je saye zai rantse maka daga Dubai ya zo

Malam Issoufou mai gyara: Salamu alaikum. Ni a Katako nake zaune, wannan aikin nake ci nake sha, ku ba ni dama in ce wani abu kan watt ɗin da goggo ta ambata don shi ne tushen maganar. Wutarmu volt 220 ce, firiz ɗin bango na gida, inda ake soka waya, abin da yake ɗauka bai wuce amfer 16 ba, in kun lissafa wajen watt 3500 ke nan. Gidaje da yawa ma kontarsu ta kilowat 3 ce. To in da gaske mikser na jan watt 4500, wasu ma har 8000 ake rubutawa, da kin kunna kontar gidan za ta faɗi, ga firigo ga fanka ga talabijin. Ba ta faɗuwa don ba ta jan haka, rubutu ne na kwali. Abin da za ki duba shi ne nauyin motar, wato injin da ke cikin gindinta, ki ɗaga gindin a hannu ba tare da kofi ba, in naɗin na wayar tagulla ne za ki ji nauyi, na alminiyom sakayau yake kuma shi ke saurin zafi ya ƙone. Na biyu haƙorin da ke haɗa kofi da mota, in na roba ne yana cinyewa, ki tambaya ko ana samun canjinsa kafin ki biya. Kowace iri ana kawo mini, kuma mafi yawa ba laifin na'ura ba ne, a zuba wake ko aya ba a jiƙa ba, ba ruwa isasshe, a danna a bar ta tana kuka minti biyar cikin zafin watan Afrilu har sharbon, ɗan gawayin da ke cikin motar, ya ƙare kina jin ƙauri. Minti ɗaya ki tsaya ta huta. In an ɗauke wuta ki zare waya, lokacin da ta dawo da ƙarfi ne ake asara. Ga amarya su biyu da miji ƙaramar ta isa miya da lemu, mai awara ko ƙosai na saidawa ita ke buƙatar babba mai kofin lita 2.

Zeinabou: Malam Issoufou kai dai ka faɗa muna ta Faransa ce ko ba ta Faransa ba

Malam Issoufou mai gyara: Ƙanwata ban ga na'urar ba.

Ramatou: Ni dai Silver Crest ɗina ita ke mini kunun aya da niƙan waken ƙosai duk azumi, ƙanƙara ma tana fasawa, ban taɓa kai ta Katako ba. Masu cewa ba ta da kyau ba su taɓa riƙe ta ba.

Tanti Rabi: Naki ko na Hadiza? Don na san wanda kika ara da azumi har yau ƙaramin kofin yaji bai koma ba.

Ramatou: Tanti da girmanki, a nan za ki kawo wannan? Kofin na maida, ki tambaye ta, murfin ne kawai ya ɓata kuma na ce zan biya.

Hadiza: Ku bar sa sunana don Allah. Murfin dai ban gani ba.

Inna Haoua: Ku duka ragwanci ke damunku. Mu a Tawa hura a turmi muke kirɓa ta, yajin kopto a turmi, albasar Galmi in kin daka ta da hannu ƙamshinta daban, wagga na'ura ruwa take maida miya. Lokacin da Najeriya ta yanke muna wuta a watan Agusta 2023 mi kuka yi da su? Ba turmin kuka koma ba, har da masu zuwa aron taɓarya.

Zeinabou: Inna mu da ke tashi aiki ƙarfe 5 mu biyo cunkoson gada, yaushe za mu daka

Abdoul Tchanga: Inna ta fi ku gaskiya, turmi namu ne, itacenmu, masassaƙinmu, ba a biyan kowa a waje. Kuma tsadar da ake kuka da ita ku tuna tunda aka rufe iyakar Benin kaya ta Lome suke biyowa su ratso Burkina, dole su yi kuɗɗi, sai ka zaɓi wanda za ka ba kuɗɗinka da hankali.

Hamissou: Abdoul wayar da kake rubutu da ita wane masassaƙi ya yi ta?

Abdoul Tchanga: Ba ta Faransa ba ce dai.

Maman Nafissa: Ni fa ba wanda ya ce mini komi kan abin da goggo ta yi mini gaban dangi, shi ne ya kawo ni. Ko da ƙarama ce ai da guminna na saya.

Tanti Rabi: Ki yi haƙuri ɗiyata, ba ta kyauta ba. Tawa Moulinex tun auren Abdoul Karim take, ɗansa yanzu yana makaranta, kar ki canza.

Hadjia Balki: To jama'a an kira magariba, a matsayina na mai kula da wannan zaure bari in taƙaita. Abin da na fahimta, mafi yawanku kun yarda Silver Crest ta fi ƙarfi ta fi girma ta fi sauƙin kuɗɗi, Ramatou ta ba da shaida, shi ma Malam Issoufou da yake masani ya ce babba mai lita 2 ita ce ta aiki. Maganar Faransa kuma Hamissou ya nuna ita Moulinex ɗin ma ba lallai can aka yi ta ba, ke nan suna kawai aka biya jikka 34. Goggo ta yi kuskure da ta faɗa gaban mutane amma shawararta ba ta da laifi. Maman Nafissa in mai shagon zai karɓa ki maida, ina da sauran guda huɗu cikin waɗanda aka kawo mini daga Kano, masu kofi biyu, zan bar miki a jikka 22 don bikin namu ne duka. Zancen murfi kuma Ramatou da Hadiza ku same ni gida gobe bayan la'asar.