Ganuwar da na gina a kan tebur ta tsattsage da hunturun nan, wa ya taɓa shiga wannan?

Malamin tarihi, Bebeji

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da tarihi a wata ƙaramar sakandare a ƙauyenmu. Duk shekara in na zo kan zuwan Turawa Kano a 1903 sai in ga yara na hamma, alhali a nan Bebeji aka fara buga igwa kafin rundunar Kanar Morland ta isa birni ranar 3 ga Fabrairu. Sai na ce bari in ɗora musu abin a tebur su gani da ido, su kuma motsa mayaƙan da hannunsu. Ƙanin maiɗakina da ke karatu a waje ya taho min da kwali biyu na 'yan sojojin roba masu ma'aunin 1/72, wato an rage girman mutum sau 72, kowanne bai wuce inci guda ba. Na samu falle ɗaya na filawud ƙafa shida da ƙafa huɗu, na ce zan gina Ƙofar Kabuga da ɗan yankin ganuwa dama da hagu.

Gwamna Lugga ya rubuta cewa tsayin ganuwar Kano daga ƙafa 30 ne zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40. Na ɗauki mafi ƙanƙanta, ƙafa 30 a ma'aunin 1/72 ta ba ni inci biyar cif, gindi kuma kusan inci bakwai. Na kafa guntayen katako a tsakiya, na ɗebo laka a kududdufin bayan gari na yaɓa, na fitar da ita rana don ta bushe kafin Litinin. Kwana uku ta yi. Na zo na tarar ta tsattsage kamar fadama a watan bazara, saman ƙofar ya rufto. Yara suka ce Malam, ai Turawan ba su ma iso ba. Wanda ya taɓa cin karo da wannan ya taimaka min da abin da ya gani.

'Yar mai tukwane, Dawakin Tofa

Malam, wa'alaikumus salam. Na karanta wa Inna tamu abin da ka rubuta, ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce laifi uku ka yi wa lakar nan, kuma ko ɗaya daga ciki ya isa ya tsaga ta.

Na farko, lakar kududdufi zalla ce, ba ka ba ta abokin zama ba. Mu ba ma ginin tukunya da yumɓu tsantsa, sai an daka tsingaro ya yi gari an tankaɗe an zuba, ko a sa yashi mai laushi. Yumɓu in yana bushewa tsukewa yake yi, garin tsingaro kuwa ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara motsi, shi ke riƙe jiki. Na biyu katakon da ka sa a ciki. Lakar tana son ta tsuke, katako ya ce ba inda za shi, to ina za ta? Dole ta yage. Na uku kuma shi ya fi ba Inna dariya, wai ka kai ta rana da hunturu. Iskar nan da ke tsaga leɓe da dunduniya ita za ta bar maka laka mai kaurin inci bakwai? Waje ya bushe ya ƙame, ciki na nan jiƙe. Mu a ɗaka muke ajiye ɗanyar tukunya, a rufa mata tsumma mai ɗan laima, ta sha iska a hankali.

Ni na yi wa ƙannena 'yan rumbuna da bukkoki na wasansu, kuma rami nake barin cikinsu kamar tukunya, bango bai kai kaurin yatsa ba. Na sa su a wuta tare da kayan Inna. Shekara biyu ke nan, ɗaya ce ta fashe, ita ma jaki ne ya taka.

Ɗan magini, Rano

Gaskiyar Yaya ce duka, amma ni zan ce Malam ya bar ginin laka ma gaba ɗaya. Babana magini ne, tun ina yaro nake miƙa tubali, kuma da na fara wannan wasa na ɗauka ni ne gwani. Na zauna na mulmula 'yan tubala ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, na jera su yadda ake jerawa a gini na gaske. Ta yi kyau, ba ta tsage ba, domin na cuɗa ƙasar da yankakkiyar ciyawa na bar ta ta kwana. Sai dai da muka zo ɗaga ta, mutum uku muka kama, filawud ya lanƙwashe, ganuwa ta karye gida biyu. Ginin da ake so a ɗauka a ajiye daban yake da wanda zai zauna inda aka kafa shi.

Yanzu ga yadda nake yi. Farin abin nan mara nauyi da ke zuwa cikin kwalin firij da talabijin, shi nake roƙa a wurin masu shago. In yanka shi da sabuwar reza, gindi da faɗi, sama a tsuke, gunduwa-gunduwa kowace ƙafa ɗaya. Sai in kwaɓa jar ƙasa tankaɗaɗɗiya da garin katako da farin gam na kafintoci, ruwa kaɗan, in shafa siriri kamar ana shafen ɗaki. In ya sha iska in ƙara shafi na biyu, kafin ya bushe in bi da yatsa in bar shatar hannu, don ganuwarmu ba sumul take ba. Gam ɗin ne ke hana tsagewa. Ƙarshe in jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake dabe da shi, in shafa ruwan da burushi. Launin da yake bayarwa babu fentin da zai ba ka shi.

Don saman ƙofa, Malam, ka yi abin da magina ke yi: azara. Tsinken tsintsiyar kwakwa ko tsinken tsire, ka jera a gicciye sannan ka yaɓa a kai. Naka ya rufto ne don laka ba ta tsayawa a sarari ita kaɗai.

Ɗalibi, Gumel

Yaya na Rano, ka manta ka gargaɗe su. Farin abin nan ba ya shiri da sufa gulu, haka fentin feshi. Ni na ɗiga masa sufa gulu zan manna ƙyaure, ina kallo ya narke ya zama rami. Sati biyu na aikin hutu ya tafi. Farin gam kawai.

Bahaɗeje, wajen Auyo

Ni tawa ganuwar ba ta tsage ba, cinye ta aka yi. Muna yin yaƙin Haɗeja na Afrilun 1906 ne, wanda Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa. Tunda faɗan nan har cikin gari aka yi shi, lungu-lungu, ba ganuwa kaɗai nake buƙata ba, sai da gidaje da dangogi da zaure. Kuɗin gam ya yi min yawa, sai na dama kokon rogo irin na masu wanki, na haɗa kwali da karan dawa da shi. Wata biyu ina yi da daddare. Da damina ta kama na tura komai ƙarƙashin gado na tafi gona. Bayan an yanke gero na jawo, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Ɓera ya bi duk inda kokon yake ya gwaigwaye, gara ta taso ta ƙasa ta gama da karan, sauran kwalin kuma ya yi funfuna. Zaure ɗaya ne ya tsira.

Uwargida ta ce da ma ta ji ana ƙwas-ƙwas da dare, ta ɗauka buhun gyaɗa ake wa ta'adi, ta je ta duba ta ga lafiya lau sai ta koma barcinta.

Abin da na koya: kada ka sa abin ci a cikin gini, kuma kada ka ajiye a ƙasa. Yanzu adakar ƙarfe ta kakata nake sa su, a kan duwatsu huɗu, in barbaɗa toka a ƙarƙashi, in jefa ganyen darbejiya busasshe a ciki. Damina ɗaya ta wuce lafiya.

Tela, Ringim

Malam, tambaya zan yi kafin shawara. Wa ya ce sai inci biyar? Duk wahalar nan daga ma'auni ta taso. Mu a nan 'yan sojoji masu tsayin milimita shida muke yi, wajen 1/300 ke nan. A wannan ma'auni ganuwarka ta ƙafa 30 santimita uku ce, guntun katako ne da shafin ƙasa, ba abin da zai tsage. Kuma tebur ya zama fili na gaske. Mun yi yaƙin Basasar Kano a kai, Yusufawa na tasowa daga Takai, Tukurawa na jira, da hanya da rafi da garuruwa uku, duk a kan tabarma ɗaya. A naka ma'aunin, in ka aje ƙofa da ganuwa, ina igwa za ta tsaya? Bakinta zai kusa taɓa bango.

Mu ba mu sayi soja ko ɗaya ba. Ƙwayar shinkafa a tsaye ita ce dakare, a manna goma a kan guntun kwali. Da na ji labarin ɗan'uwa na Auyo gabana ya faɗi, gobe zan koma yankan ashana. Barade kuwa totuwar kara nake yankawa, in naɗa mata ƙyallen da ya rage a shago, ja da rawaya, sai ka ga 'yan lifidi sak daga nesa.

Akwai kuma wani abu da ƙanƙantar ta raba mu da shi. Kawuna limami ne, da ya fara ganin kayan a shago ya tsaya ya ɗauki ɗaya yana juyawa, ya ce wannan mutum-mutumi ne? Na ce Kawu duba da kyau, ba fuska ba hannu. Ya ce to ɗan lidon nan fa? Na ce ba kuɗi a ciki, shi ke nuna ko kibiya ta samu ko ta kuskure. Ya aje ya ce kada dai ya kai mu ga rasa jam'i. Kai da kake da masu fuska kuma cikin makaranta, gara ka je ka yi wa iyayen yara bayani tun ba su zo sun tambaye ka ba.

Malamin tarihi, Bebeji

Maigida tela, maganar iyaye na ɗauka, Allah ya saka. Ma'auni kuwa ba zan sauya ba. Yara arba'in ne ke kewaye tebur, na baya ba zai ga ƙwayar shinkafa ba.

Dattijo, Birnin Kudu

Yarana, ni ban iya ginin nan naku ba, jikana ne ke yi ina kallo daga kan buzu. Abu ɗaya na gyara masa, shi zan gyara muku. Ya kalli hotunan Turawa a waya ya rina garin katako kore shar ya shimfiɗe tebur da shi, wai ciyawa. Na ce kai, a wane wata aka yi yaƙin? Ya ce Fabrairu. Na ce to fita waje ka duba. A Fabrairu ƙasar Kano fara ce, an girbe, sai kututturen kara a kan kunya da turɓaya. Kuka tsirara take ba ganye. Wanda ke da ganye a lokacin gawo ne, shi da yake zubar da nasa da damina, sai tsamiya. Darbejiya kuma kada ku dasa ta a filin 1903, ba ta zo ƙasar nan ba tukuna.

Ya kankare koren ya barbaɗa yashin rafi a kan gam, ya ja kunyoyi da cokali mai yatsu. Kukarsa saiwar wata ciyawa ce ya kifa ta sama ya yi wa gindin kauri da ƙasa. Kuma ku tuna akwai gwalalo a bakin ganuwa ta waje, ramin da aka cika da ƙaya. In babu shi, yaro zai tambaye ku me ya hana a jingina tsani a hau.

Malamin tarihi, Bebeji

Baba, Allah ya ƙara girma, gwalalon nan na manta da shi sam. Ga inda aka kwana. Na bi hanyar ɗan'uwa na Rano, gunduwa huɗu da ƙofa, na shanya a ɗaka ƙarƙashin tsumma yadda Inna ta ce. Kwana tara, ba tsaga sai ɗaya siririya a gefe, na bar ta don ta yi kama da ginin da ya sha damina. Makubar ma na samu wurin wata tsohuwa mai daddawa.

Jiya muka buga. Dokar wasan: doki inci goma sha biyu a motsi ɗaya, dakare shida. Na raba aji biyu, ba wanda ya yarda ya zama Bature sai da aka yi ƙuri'a. Na gaya musu Sarki Alu ba ya gari ranar, ya tafi Sakkwato da yawancin barade, don haka 'yan tsaron kaɗan na ba su. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta ce to Malam a sake bugawa, wannan karon Sarki na gida, mu gani. Na ce sai Alhamis.

Dawakai ne ba ni da su. Maigida tela, totuwar nan in an yi ta babba, inci ɗaya da rabi, tana tsayawa da ƙafarta ko sai an kafa ta a kan wani abu?

Tela, Ringim

Ba ta tsayawa, Malam. Murfin lemo za ka cika da ƙasar nan mai gam ka soka ƙafafun a ciki tun tana ɗanya. Ka turo yaro ranar kasuwa, akwai ƙyallaye cike da leda a ƙarƙashin keke.