Verónica Castro: 'yar wasan kwaikwayo ce ko mai gabatar da shiri?

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya ina kallon wani wasan ƙasar Meziko mai suna La casa de las flores a Netflix, sai mahaifiyata ta leƙo, ta ƙura wa uwar gidan ido, ta ce lallai wannan ita ce Rosa ta cikin Wild Rose da suke kallo a talabijin a shekarun 1990. Na duba na ga sunanta Verónica Castro, amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne a wurare da dama ana kiranta mai gabatar da shirye-shirye. Wace ce ainihin sana'arta, kuma ta yi finafinan silima?

Malam Bala:
Wa alaikumus salam. Hajiya ba ta yi kuskure ba, ita ce. An haife ta a birnin Meziko a 1952, kuma wasan da ya ɗaukaka ta shi ne Los ricos también lloran na gidan talabijin na Televisa a 1979, wanda aka nuna mana a nan da sunan The Rich Also Cry, inda ta fito a matsayin Mariana. Wasan ya zaga duniya, har ya kai ga lokacin da aka haska shi a Rasha a 1992 mutane suka kamu da son sa matuƙa, ita ma ta ziyarci Mosko a shekarar aka yi mata tarba ta girma. A farkon shekarun 1980 ta tafi Ajantina ta yi wasanni, abin da ya sa dangantakarta da Televisa ta yi tsami na wasu shekaru, kafin ta dawo ta yi Rosa salvaje a 1987, wanda Hajiya ta tuna.

Yaya Asabe:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ya kawo abin da mu na waje muka gani ne kawai. Wasan kwaikwayo ana iya sauya masa murya a sayar wa kowace ƙasa, amma shirin hira na dare ba ya fassaruwa cikin sauƙi, shi ya sa wannan ɓangaren na aikinta bai iso gare mu ba, alhali a wurin masu jin Sifaniyanci shi ne ya nuna ƙwarewarta sosai. A 1988 ta fara gabatar da Mala noche... ¡no!, shirin da ake yi kai tsaye cikin dare, kuma har yau ana tuna daren da ta karɓi baƙuncin mawaƙi Juan Gabriel, hira da waƙa suka yi daɗi, shirin ya zarce har gari ya waye. A 1991 ta gabatar da La movida, inda ta yi doguwar hira da María Félix, tauraruwar finafinan Meziko ta zamanin da, wadda aka sani da kaifin harshe. Mai wasa yana da rubutun da ya haddace, amma mai riƙe baƙo irin wannan na tsawon sa'o'i, ba tare da damar yanke kuskure ba, sai ya kasance da saurin tunani da iya zama da mutane. Daga baya ta gabatar da Big Brother VIP na Meziko, kuma a wani shirin ƙarshe a 2004 ta shigo a kan giwa, ta ji rauni a ƙashin baya wanda ya daɗe yana damun ta.

Malam Bala:
Na yarda, Yaya, ko da yake ina ganin ba don farin jinin Mariana da Rosa ba, da ba a damƙa mata shirin dare ba. Game da silima kuwa, ta yi finafinai tun farkon shekarun 1970, ta yi Chiquita pero picosa a 1986, sannan Cuando sea joven a 2022, amma babu wanda ya kai wasanninta na talabijin tashe. Mawaƙiya ce kuma, ɗanta Cristian Castro ma fitaccen mawaƙi ne.

Ummu Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na lura a zango na biyu na wasan Netflix ɗin babu ita, ashe a zangon farko na 2018 kaɗai ta fito. Hajiya kuwa tun da ta daina ganin Rosarta ta ce in ci gaba da kallona ni kaɗai.