Idan na rufe asusuna, ina BVN ɗina da hotona za su tafi?

Maman Haidar, Kubwa: Assalamu alaikum. Akwai manhajar ajiyar kuɗi da nake karɓar cinikin turaren wuta da ita, kuma lokacin buɗe asusun na ba su BVN da NIN da hoton fuskata. Yanzu na koma banki, babu ko kwabo a cikin asusun manhajar, ba sa bina bashi. Shin in rufe asusun ne ko in bar shi haka, kuma rufewar tana sa su goge waɗannan bayanai?

Abban Sadiq, Nyanya: Wa alaikumussalam. Hajiya, ki cire manhajar daga wayarki, magana ta ƙare.

Mai gyaran waya, Banex: Cire manhaja ba ya taɓa komai, domin bayanan suna kan kwamfutocin kamfanin ne. Ko a Facebook, wanda ya nemi a goge asusunsa ana ba shi kwana 30 ko zai sauya ra'ayi, gogewar kanta tana iya kai kwana 90, sannan saƙonnin da ya aika wa mutane suna nan a wajensu.

Baban Ummi, Gwagwalada: Hajiya, kada ki yarda da kalmar gogewa a bakin kowane kamfani. Na ci bashi a wata manhajar rance lokacin da mahaifiyata take kwance a asibiti, na biya har da ruwan da suka ɗora, na rufe asusun, suka turo mini saƙon tabbatarwa. Bayan wasu watanni sai ga kira ga surukina da limamin unguwarmu da shugabana a wurin aiki, ana ce musu ni macuci ne da ya gudu da kuɗin mutane. Ashe tun ranar farko suka kwashe duk lambobin da ke wayata. Na kai wa surukina takardar shaidar biya, ya karɓa ya duba, amma har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Lauyan da na samu ya ce naira 50,000 zai karɓa kafin ya rubuta musu wasiƙa.

Abban Sadiq: An tsawwala maka, Malam. Naira 15,000 aka rubuta wa ƙanena irinta. Ko kuwa ka ba su lambar mai gidan hayarka su yi ta kiran juna.

Baban Ummi: Wanda aka zubar wa mutunci a gaban surukinsa ba ya neman raha.

Anti Malama, Lugbe: Ba sai an biya kowa ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa. Ki rubuta wa kamfanin da kanki, ki adana kwafi, idan suka yi biris ki kai ƙorafi hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, a nan Abuja.

Ma'aikacin banki, Wuse: Haƙƙin yana da iyaka, Anti. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa cibiyoyin kuɗi su adana bayanan abokan hulɗa na aƙalla shekara 5 bayan rufe asusu, saboda haka ko sun so ba za su goge komai nan take ba.

Anti Malama: Kai ɓangarensu kake, dole ka kare su. A bar lauyoyi su yi magana.

Ma'aikacin banki: Ke ma ai ba lauya ba ce, Anti, ni kuwa takardun nan ta hannuna suke bi kullum.

Mai gyaran waya: Abin da ya fi damuna shi ne tsohon layin wayar da aka haɗa da asusu. Idan aka daɗe ba a amfani da shi, kamfanin sadarwa yana sayar wa wani, kuma na sha ganin wanda ya sayi sabon layi yana samun saƙon shigar kuɗi na mutumin da bai sani ba.

Baban Ummi: Layin marigayi yayana ma haka aka yi da shi, wani baƙo ne yake ɗauka yanzu, alhali da shi aka yi rajistar BVN ɗinsa. Akwai wanda ya san yadda magada za su cire layin daga asusunsa?