Ciyawar teku: abin da aka tattaro kan gona, tukunya da magani

Wannan taƙaitawa ce ta abin da mutane suka faɗa a wata tattaunawa kan amfanin ciyawar teku a gona, abinci da magani. An fi daɗewa a kan maganar gona, kuma nan ne shawarwari suka fi nauyi. Masu noma da ita sun ce a ɗebi wadda ruwa ya turo bakin gaɓa, kada a tumɓuke mai rai daga jikin dutse. A ɗauraye ta, ko a bar ruwan sama ya doke ta, domin gishiri na ƙona tsiro ƙanana. Sannan a shimfiɗa ta a gindin shuka ko a haɗa da taki ta ruɓe. Tana da fotashiyam sosai, amma sinadarin naitirojin kaɗan ne, don haka ba ta isa ita kaɗai ba. Manoman gaɓar Ayalan da Sukotlan sun yi ɗaruruwan shekaru suna gyara ƙasa mai yashi da ita.

A abinci kuwa, gargaɗi ya fi yabo yawa, kuma ina ganin daidai ne. Babba na buƙatar maikurogiram 150 na aidin a rana, alhali aidin da ke cikin ɗan yankin busasshen kombu, wani nau'in ciyawar teku da Jafanawa ke dafa romo da shi, yana iya ninka haka sau da yawa. Ƙarancin aidin na kawo maƙoƙo, yawansa ma yana dagula aikin ƙullin wuyan da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Mai ciki da mai ciwon maƙoƙo su tuntuɓi likita kafin su taɓa ƙwayoyin kelf, wato ƙwayoyin ƙarin abinci da ake yi da ciyawar teku.

Amfaninta a asibiti tabbas ne: daga ita ake ciro sinadarin aljinet na yin bandejin miki mai ruwa da maganin ƙwannafi irin Gaviscon. Masu cewa tana warkar da ciwon daji dai ba su kawo hujja ba.